MATAR DA BA TA ISA ASIBITI BA: Cutar Yoyon Fitsari Da Nauyin Da Ke Wuyan Likitoci

Cikin dukan cututtukan da ke damun mata a ƙasar nan, da wuya a sami wadda ke bayyana bambancin da ke tsakanin mai hali da marashi, da kuma tsakanin birni da ƙauye, kamar cutar yoyon fitsari. Zazzaɓin cizon sauro yakan kama matar attajiri kamar yadda yake kama matar manomi, haka nan hawan jini da ciwon sukari ba su san gidan bene ko bukkar kara ba. Amma yoyon fitsarin da ke biyo bayan doguwar naƙuda ya san ƙofar da yake ƙwanƙwasawa. Galibi ba ya zuwa sai ga yarinya 'yar ƙauye, wadda ba ta yi makaranta ba, wadda ke haihuwar fari, wadda kuma tsakaninta da likitan da zai iya yi mata aiki akwai tafiyar sa'o'i da yawa, da kuɗin mota, da jiran iznin wanda ba ya gida.

Yadda abin yake faruwa ba boyayye ba ne ga likitoci. Idan kan jariri ya fi ƙarfin ƙugun uwa, ko kuwa ɗan ya zo a karkace, sai naƙuda ta tsaya cik, mahaifa tana ta turowa amma babu hanyar fita. Kan jaririn zai danne naman da ke tsakanin hanyar haihuwa da mafitsara a jikin ƙashi, jini ya daina gudana a wurin. In aka kwana biyu ko uku a wannan hali, naman sai ya mutu. Sau da yawa jaririn ma yakan rasu tun yana ciki. Bayan 'yan kwanaki da sauka, mataccen naman nan sai ya ɓalle ya bar kafa, daga ranar kuwa fitsari ba zai ƙara tsayawa ba, dare da rana, a zaune ko a kwance. Waɗansu har da bayan gida, waɗansu kuma jijiyar ƙafa takan taɓu su riƙa jan ƙafa in suna tafiya.

Abin da ke biyo baya kowa ya sani a garuruwan Arewa. Wari ya hana ta shiga mutane, ba biki ba suna, abokan zama su ƙi cin abin da ta dafa, ita kanta ta shiga shakkar tsarkinta wajen salla. Miji ya ce ta tafi gida ta yi jinya, daga nan takarda ta biyo baya. Yarinyar da ba ta wuce shekara goma sha shida ba sai ga ta ta rasa ɗa, ta rasa aure, ta rasa lafiya, duk a cikin wata guda. Alhali kuwa aikin da zai hana wannan duka, watau a yi mata fiɗa a ciro ɗan tun naƙudar ba ta yi nisa ba, aiki ne wanda ƙwararren likita ke gamawa cikin sa'a guda.

BINCIKEN ZARIYA

Ba zato ko ƙiyasi ne ya nuna irin matan da abin ke faɗa wa ba. An ƙidaya su, kuma a ƙasar nan aka yi ƙidayar. Daga 1976 zuwa 1979, Shehun Malami Kelsey Harrison, mutumin Abonnema ta Jihar Ribas, wanda ke koyar da aikin likitan mata a Jami'ar Ahmadu Bello, ya jagoranci rubuta bayanin kowace haihuwa da aka karɓa a asibitin jami'ar da ke Zariya, ɗaya bayan ɗaya, har haihuwa 22,774. An buga sakamakon a Ingila cikin 1985, ya kuwa girgiza likitocin duniya.

Mata 238 ne suka rasu cikin waɗannan shekaru. Amma abin lura shi ne yadda mutuwar ta rabu. Cikin matan da suka riƙa zuwa awon ciki, waɗanda yawansu ya kai wajen 15,000, guda 19 ne suka rasu. Sauran 219 duka daga cikin matan da ba a taɓa ganin fuskarsu a asibiti ba ne sai ranar da aka kawo su ranga-ranga, alhali yawansu bai kai 8,000 ba. Asibiti ɗaya, likitoci ɗaya, ɗakin fiɗa ɗaya, amma haɗarin mutuwar kashin na biyu ya ninka na kashin farko fiye da sau ashirin. Ashe ba gwanintar likita ce ta bambanta ba, lokacin da mace ta iso hannunsa ne.

Har ila yau binciken ya nuna wani abu mai ban mamaki. 'Yan mata masu ƙananan shekaru da suka ɗauki cikin fari, waɗanda aka riƙa ba su maganin zazzaɓin cizon sauro da magungunan ƙarin jini, da yawansu sun ƙara tsayi a cikin watannin goyon cikin, waɗanda suka ƙara tsayin kuwa ba su cika samun tsayawar naƙuda kamar sauran ba. Watau ƙwayoyin magani masu araha, in an ba da su a kan kari, suna iya rage wa ɗakin fiɗa aiki. Sa'an nan an ga cewa matan da suka yi karatun boko, ko da kaɗan ne, mutuwa ta yi sauƙi ƙwarai a cikinsu. Wannan ne ya sa Harrison, wanda aikinsa wuƙa da allura ne, ya shafe sauran shekarunsa yana kiran gwamnatoci da su ba kowace yarinya ilmi, yana mai ganin cewa makarantar firamare ta ƙauye tana cikin kayan aikin likitan mata.

Wani likita kuma, Dokta Tahzib, ya bi bayanan mata 1,443 masu yoyon fitsari da aka gani a Zariya daga 1969 zuwa 1980. Ya sami fiye da kashi 80 cikin ɗari doguwar naƙuda ce ta jawo musu, kashi 13 kuwa yankan gishiri ne, watau yankan nan da ungozoma ko wanzami ke yi da aska a gaban mace da nufin buɗe hanya ko maganin wata lalura. Ba daidai ba ne a ɗora wa ungozomar gargajiya laifin duka. Tsohuwar da aka taso da tsakar dare, ga yarinya tana neman mutuwa a gabanta, babu mota babu likita, abin da ta gada shi za ta yi. Askarta alama ce ta wurin da hukuma ba ta kai ba.

Masana sun kasa jinkirin da ke kashe mata gida uku. Akwai jinkirin yanke shawara a gida, inda kunya ke hana mai haihuwar fari ta nuna tana jin ciwo, ko a ce sai maigida ya dawo daga kasuwa ko daga ci-rani. Akwai jinkirin hanya. Akwai kuma na uku, wanda ya fi shafar masu farar riga, watau jinkirin da ake samu bayan an iso asibitin: likita ba ya nan, babu wuta, babu jini, ko kuwa a miƙa wa miji takardar kayan da zai sayo, safar hannu da ruwan ƙari da zare, kafin a taɓa matarsa. Mutanen ƙauye suna da labarin juna. In ɗaya ya sayar da akuyarsa ya kai matarsa ya dawo da gawa, goma ba za su kai nasu ba. Ta haka jinkiri na uku yake haifar da na farko.

DAGA ASIBITIN KUTARE

Bayan garin Katsina, a kan hanyar Batsari, akwai Babbar Ruga, wurin da a da aka sani da jinyar kutare. Can ne wani likita mutumin ƙasar Holan, Dokta Kees Waaldijk, ya sauka cikin 1983 don aikin kuturta. Bai daɗe ba ya lura da waɗansu mata da su ma jama'a ta guje su kamar yadda ta guji kutaren, ya fara gwada ɗinke musu kafar. Labari ya bazu daga bakin wadda ta warke zuwa kunnen wadda ke ɓoye a ɗaki, mata suka yi ta zuwa daga Katsina da Kano da Sakkwato, har da ƙetaren iyaka daga Jamhuriyar Nijar. A cikin shekarun da ya yi yana aikin nan ya yi wa mata fiye da 20,000 fiɗa, yana zagayawa tsakanin Babbar Ruga da cibiyar Laure da ke cikin Asibitin Murtala a Kano da waɗansu garuruwa, ya kuma koyar da ɗaruruwan likitoci da ma'aikatan jinya.

Abin da ya fi dacewa a tsaya a kai cikin aikinsa shi ne yadda ya daidaita shi da halin talaka. A da ƙa'idar likitoci ita ce a bar mace wata uku bayan haihuwa kafin a yi mata gyara, don naman ya warke. A takarda wannan magana ce mai ma'ana. Amma cikin wata ukun nan ne aure ke mutuwa, cikinsu ne ake ware mata kwano da tabarma. Waaldijk ya nuna cewa in mace ta zo da wuri, aka sa mata robar fitsari ta zauna makonni, tana shan ruwa da yawa, ƙaramar kafa tana iya rufewa da kanta, wadda ba ta rufe ba kuma ana iya ɗinke ta ba sai an jira ba. Cikin mata 1,716 da ya ba da rahotonsu a 2004, wajen kashi 15 cikin ɗari robar kaɗai ta warkar da su. Robar fitsari kuwa ba ta bukatar babban likita, ungozomar asibitin ƙauye tana iya sa ta.

Ba shi kaɗai ba ne. A kudu maso gabas, wata likita 'yar ƙasar Ailan, Sista Ann Ward, ta shafe shekaru masu yawa tana irin wannan aiki a Anua da Itam cikin Jihar Akwa Ibom ta yanzu, abin da ke nuna cewa cutar ba ta wata ƙabila ko wani addini ba ce, ta rashin hali ce. A ƙasar Habasha, Dokta Reginald Hamlin da matarsa Dokta Catherine sun buɗe asibiti na musamman don wannan cuta a Addis Ababa cikin 1974. Ɗaya daga cikin matan da suka yi wa aiki, Mamitu Gashe, wadda ta zo musu tana yarinya ba ta iya karatu ba, ta zauna tare da su tana taimako har ta zama gwanar ɗinkin kafar, likitoci masu digiri suna zuwa koyo a wurinta. A yau Babbar Ruga ta zama cibiyar Gwamnatin Tarayya, akwai irinta a Abakaliki da Ningi. A farkon 2005 kuma an yi gangamin mako biyu a Kano da Katsina da Sakkwato da Kebbi, tare da Asusun Kula da Yawan Jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya, inda aka yi wa mata fiye da 500 aiki.

Sai dai tarihin wannan fiɗa yana da wani shafi mai duhu wanda ya kamata kowane ɗalibin likita ya sani. Mutumin da ake danganta wa gano hanyar ɗinkin, Marion Sims na Amurka, ya koyi hannunsa ne tsakanin 1845 da 1849 a jikin bayi mata baƙar fata a Jihar Alabama, ba tare da maganin kashe zafi ba. Ɗaya daga cikinsu, mai suna Anarcha, an yanka ta wajen sau talatin. Baiwa ba ta da bakin cewa a'a. Cikin 2018 hukumar birnin New York ta ɗauke gunkinsa daga babban lambun shaƙatawa na birnin. Wanda ba shi da gata shi ne ya fi sauƙin a gwada abu a jikinsa, saboda haka matar ƙauyen da ba ta jin Turanci, ba ta kuma iya karanta takardar da aka ce ta dangwala wa hannu, tana da hakkin a yi mata bayani da harshenta, a kuma jira amsarta. Akwai kuma abin da likitocin yoyon fitsari ke kuka da shi a 'yan shekarun nan, watau ƙaruwar matan da kafar tasu ba naƙuda ce ta yi ta ba, wuƙar wanda bai ƙware ba ce ta huda mafitsara wajen fiɗar haihuwa ko cire mahaifa. Kai wa talaka aiki maras inganci ba adalci ba ne.

INA LIKITOCIN SUKE?

Cikin 1971 wani likitan Birtaniya, Julian Tudor Hart, wanda ya zaɓi zama a wani ƙauyen masu haƙar kwal a yankin Wales, ya rubuta cewa kyakkyawar hidimar lafiya takan yi ƙaranci ne daidai inda aka fi bukatarta, abin kuma ya fi tsanani inda aka bar lafiya a hannun kasuwa. Ƙasarsa yake nufi, amma kamar Nijeriya ya duba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 39 cikin ɗari ne kawai na haihuwa ake yi a asibiti, a jihohin Arewa maso Yamma kuwa kimanin kashi 16. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 mata wajen 75,000 ne suka rasu a ƙasar nan ta dalilin ciki da haihuwa, watau fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan mutuwa a duniya baki ɗaya. Adadin shi ne 993 cikin kowace haihuwa 100,000. Na asibitin Zariya a zamanin Harrison ya kama wajen 1,050. Ko da yake ɗaya lissafin asibiti guda ne, ɗayan kuwa ƙiyasin ƙasa ne, kusancinsu bayan shekara arba'in da ɗoriya ba abin alfahari ba ne.

Ba za a ce ba a yi yunƙuri ba. Bayan taron Alma-Ata na 1978, inda ƙasashen duniya suka ɗauki alkawarin lafiya ga kowa, Shehun Malami Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara wanda ya riƙe Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya daga 1985 zuwa 1992, ya juya akalar ma'aikatar zuwa ga ƙananan hukumomi, ya fara da 52 don gwaji, ya kuma fito da manufar lafiya ta ƙasa a 1988. A 2001 shugabannin Afirka sun taru a Abuja suka amince kowace ƙasa ta ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafinta, Gwamnatin Tarayya mai masaukin baƙi kuwa ba ta taɓa cika wannan ba. A 2009 an fara tura ungozomomi ƙauyuka. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don kiwon lafiya matakin farko, ta kuma haramta wa kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar wanda aka kawo cikin halin gaggawa, ko da wane dalili ne, da tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata shida. Mazajen da ake kora su nemo kuɗin ajiya da tsakar dare, kaɗan ne cikinsu suka taɓa jin labarin wannan doka.

Su ma likitocin suna da nasu uzurin, bai kamata a yi musu rashin adalci ba. Yaron da ya yi shekara shida yana karatu, aka tura shi babban asibitin ƙaramar hukuma inda shi kaɗai ne likita, ba ranar hutu, ba gidan kirki, ba makarantar da zai sa 'ya'yansa, albashi yana makara, ga kuma 'yan bindiga da ke sace ma'aikatan lafiya a waɗansu yankuna, ba abin mamaki ba ne in ya nemi canji zuwa birni, daga birni kuma zuwa Ingila ko Saudiyya. A 2024 Ministan Lafiya, Shehun Malami Muhammad Ali Pate, ya faɗa cewa likitoci wajen 16,000 sun bar ƙasar nan cikin 'yan shekarun da suka gabata, waɗanda suka rage ba su wuce 55,000 ba, kaso mai tsoka daga cikinsu kuwa yana Ikko da Abuja. Wa'azin sadaukar da kai ba ya sayen man janareta.

Duk da haka akwai abin da ke hannun likita wanda ba ya jiran kasafin kuɗi. Shi ne ke iya cewa a shiga da mace ɗakin fiɗa tukuna, a yi maganar kuɗi daga baya. Shi ne ke iya koya wa ungozomomin ƙananan asibitocin da ke kewaye da shi yadda za su auna tafiyar naƙuda, su san sa'ar da za su turo mace tun rana ba ta faɗi sau biyu a kanta ba. Shi ne ke iya hana tsawa da zagin da ake yi wa masu naƙuda, abin da ke sa mata da yawa su gwammace ɗakin uwarsu. Shi ne kuma mai maganar da hakimi da limami da shugaban ƙaramar hukuma za su saurara, in ya ce a bar yarinya ta ƙosa kafin ta ɗauki ciki, ko maigida ya bar izni a gida kafin ya yi tafiya, ko 'yan ƙungiyar direbobi su keɓe motar dare. Fiye da duka, shi ne mai alƙalamin ƙidaya. Da Harrison bai rubuta mace 238 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya ba, da sun tafi a matsayin ƙaddarar gidajensu kawai, ba wanda zai san cewa 219 daga cikinsu ta ƙofa ɗaya suka shigo.

A Jahun ta Jihar Jigawa, tun 2008 ƙungiyar likitocin nan ta ƙasa da ƙasa da ake kira MSF take aiki tare da ma'aikatar lafiya ta jihar, inda aka haɗa gyaran yoyon fitsari da karɓar haihuwar gaggawa kyauta a asibiti guda, domin an gane cewa ɗinki kaɗai ba zai ƙare layin masu jira ba muddin ana samun sababbi kowane dare. A watan Nuwamba na 2024 kuma Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar cewa za a riƙa yi wa mata marasa hali fiɗar haihuwa kyauta a asibitocin da aka zaɓa, ta hannun hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wadda kuma ta fara biyan kuɗin gyaran yoyon fitsari a wannan shekarar.

Matar da aka yi wa gyara ta warke, kafin a sallame ta akan gargaɗe ta da abu biyu: ta yi watanni ba ta koma shimfiɗar miji ba, sa'an nan duk cikin da za ta ƙara ɗauka, lalle ta haihu a asibitin da ke da ɗakin fiɗa, don naƙuda ɗaya mai wuya tana iya warware ɗinkin. Akan ba ta kati ta riƙe, wanda za ta nuna wa likitan da za ta tarar. Da yawansu daga nan ƙauyen da suka fito suke komawa, nisansa da asibiti bai ragu ba, shi ya sa waɗansu cibiyoyin suke shawartar su da su taso tun watan haihuwa bai kama ba, su zauna kusa da asibiti ko wurin 'yan'uwa a gari har su sauka.